Sarkin Aro: Daga Turin Zuwa Madrid a Sawun Amadeo

Turin gari ne na mahaya dawakin tagulla. Duk filin da ka ɓulla sai ka ga wani basarake a bisa doki, an kafe shi a kan dutse yana kallon motoci. Dalili kuwa, nan ne gidan sarautar Savoy suka mayar da fadarsu tun 1563, daga nan suka yi ta cin ƙasa har aka haɗe Italiya wuri guda a 1861, Turin ta zama babban birninta na farko. Harkar kasuwanci ce ta kai ni, na sauka wurin wani aminin mahaifina da ya daɗe a can, wanda tun ina yaro nake kira Kawu. Ya yi aiki a masana'antar kayan mota har ya yi ritaya, yanzu kuwa ba abin da yake so kamar ya samu baƙon da zai zaga gari da shi.

Ran nan da la'asar muna tafe a lambun Valentino, a bakin kogin Po, muka iso gaban wani ƙaton mutum-mutumi. Saurayi ne cikin kayan soja, dokinsa ya ɗaga ƙafafun gaba, ƙasansa kuma an kewaye dutsen da siffofin kakanninsa. Kawu ya nuna shi da sandarsa ya ce, "Ɗana, wannan da kake gani ya taɓa yin sarkin Sifaniya. Ba kashe shi aka yi ba, ba kuma tuɓe shi aka yi ba. Shi da kansa ya ce musu ga kayanku, ya dawo gida."

Na ce, "Kawu, ɗan Italiya kuma da sarautar Sifaniya?"

Ya ce, "Aro shi suka yi."

Sunansa Amedeo, Sifaniyawa suna ce masa Amadeo. An haife shi a Turin ranar 30 ga Mayu 1845, ɗa namiji na biyu ga Victor Emmanuel II, wanda ya zama sarkin Italiya na farko. Wansa Umberto ne mai jiran gado, shi kuwa aka ba shi sarautar Aosta, wani kwari da ke cikin duwatsun Alps a kan iyakar Faransa da Suwizalan. Ɗa na biyu a irin wannan gida, aikin soja ne rabonsa. A 1866, yana da shekara 21, ya fita yaƙi da Ostiriya, aka ji masa rauni a fagen Custoza, inda Italiya ta sha kashi. Wannan saurayin sojan ne mai sassaƙa Davide Calandra ya zuba a tagulla, aka buɗe mutum-mutumin a 1902. Na zagaya shi ina neman kambin sarauta a kansa, babu. Mutanen Turin da sojansu suka tuna, sarautar Sifaniya ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

A tsakiyar gari akwai wani dogon titi da ya taso daga wajen dandalin San Carlo ya nufi kogi, sunansa Via Maria Vittoria. A kansa ne fadar Cisterna take, wadda ta daɗe tana zaman hedikwatar hukumar yankin Turin. Gidan su matar Amadeo ke nan, Maria Vittoria dal Pozzo della Cisterna. 'Yar manyan mutane ce masu dukiya, mai ilimi da jin harsuna, amma ba jinin sarakuna ba ce, shi ya sa aka ɗan yi gunaguni a fada kafin a yarda. An ɗaura auren ranar 30 ga Mayu 1867, ranar da ango ya cika shekara 22. Daga nan Kawu ya ja ni kasuwar Porta Palazzo, inda yake sayen naman halal a wurin mahauta 'yan Maroko. Kasuwa ce makekiya a fili, ga 'yan Senegal, ga 'yan Najeriya da shagunan garin rogo da busasshen kifi, har mutum ya manta a ƙarƙashin duwatsun Alps yake.

Wurin da ya sa na ƙara Madrid cikin tafiyata shi ne Superga. Tudu ne a gabas da gari, mai tsayin mita 672. Ana shiga taragon lantarki zuwa unguwar Sassi, daga nan a hau wani tsohon ƙaramin jirgin ƙasa da ke da haƙora a tsakiyar layin dogonsa don kada ya zame, ya yi ta hawa a hankali wajen kilomita uku. A ƙololuwa akwai babbar majami'a mai kubba. Victor Amadeus II na gidan Savoy ne ya yi alwashin gina ta a 1706, lokacin da sojojin Faransa suka yi wa Turin ƙawanya. Da aka fatattake su ya cika alkawari, ya ɗauko magini Filippo Juvarra, aka yi aikin daga 1717 zuwa 1731. Yawancin waɗanda muka hau tare ba majami'ar ce ta kawo su ba. Bayanta suka zagaya, inda jirgin saman da ya ɗauko 'yan ƙwallon Torino daga Lisbon ya daki bango cikin hazo ranar 4 ga Mayu 1949, mutum 31 da ke ciki duk suka mutu. Har yau magoya baya suna zuwa suna ajiye furanni da ƙyallen ƙungiyar.

Mu kuwa muka bi mai yi wa baƙi jagora muka sauka ƙarƙashin ƙasa, inda kaburburan gidan Savoy suke. Sanyi, marmara, sunaye birjik. Sarakunan Italiya biyu na farko ba a nan suke ba, suna Pantheon a Roma. Amadeo na nan: ciwon huhu ne ya kashe shi a Turin ranar 18 ga Janairu 1890, yana da shekara 44. Matarsa ta riga shi da daɗewa, ta rasu a San Remo ranar 8 ga Nuwamba 1876 da tarin fuka, tana da shekara 29 kacal. A kabarinta jagoran ya tsaya ya nuna mana wani kambun ta'aziyya da rubutu cikin Sifaniyanci. Ba daga fadar Madrid ya zo ba, ba kuma daga gwamnati ba. Mata masu wankau na Madrid da wasu biranen Sifaniya ne suka aiko da shi. Na ce a raina, sarauniyar da ba ta cika shekara biyu a ƙasa ba, me ta yi wa masu wanki har suka biyo ta da gaisuwar mutuwa zuwa wata ƙasa?

Da na sauka Madrid, ginin majalisar dokoki na fara nema, a titin Carrera de San Jerónimo. Zakuna biyu na tagulla ne ke gadin ƙofarsa, kuma da narkakkun igwogin da Sifaniya ta ƙwace a yaƙinta da Maroko a 1860 aka zuba su. An girke su a wurin a 1872, zamanin Amadeo. A wannan yaƙin na Maroko ne wani janar ɗan garin Reus, Juan Prim, ya yi suna, kuma shi ne uban tafiyar duk wannan labari.

A watan Satumba 1868, Prim da Janar Francisco Serrano da Admiral Topete suka tayar da juyin juya halin da ya kori Sarauniya Isabel II zuwa Faransa. Jama'a sun gaji da ita da fadarta. Majalisa ta rubuta sabon kundin tsarin mulki a 1869 wanda ya ba duk baligin namiji ƙuri'a, ya kuma ba da 'yancin addini, amma ya ce ƙasa za ta ci gaba da zama masarauta. To ga gadon sarauta, babu mai hawa. Prim ya rantse a gaban majalisa, har sau uku, cewa gidan Bourbon, wato gidan su Isabel, ba za su taɓa dawowa ba. Sai aka naɗa Serrano riƙon ƙwarya, Prim ya zama firaminista, ya shiga bin gidajen sarautar Turai yana neman wanda zai karɓa.

Neman ya zama abin dariya, daga baya ya zama abin kuka. Fernando, mahaifin sarkin Fotugal, ya ce ba ya so. Tsohon Janar Espartero ya ce ya tsufa. Montpensier, mijin ƙanwar Isabel, wanda ya zuba kuɗinsa a juyin juya halin yana sa ran shi za a ba, ya harbe wani ɗan gidan Bourbon a faɗan fito-na-fito a watan Maris 1870, ya ɓata rawarsa da tsalle. Aka taɓa Leopold na gidan Hohenzollern, ɗan uwan sarkin Furusiya, Faransa ta ce ba za ta yarda a kewaye ta da Jamusawa gaba da baya ba. Leopold ya janye, amma Bismarck, firaministan Furusiya, ya riga ya samu abin da yake nema: a watan Yuli 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, Napoleon III na Faransa ya rasa mulkinsa, Jamus ta zama daula ɗaya. Kujerar Madrid da ba kowa a kai ita ce ta kunna wannan wuta.

Daga ƙarshe aka dawo kan gidan Savoy, waɗanda ake gani masu mutunta tsarin mulki ne. Ranar 16 ga Nuwamba 1870, a cikin wannan ginin da nake tsaye a gabansa, aka kaɗa ƙuri'a. Amadeo ya samu 191, masu son jamhuriyar tarayya 60, Montpensier 27, Espartero 8. Tawaga ta tafi Florence, wadda ita ce babban birnin Italiya a lokacin, ta miƙa masa tayin a fadar Pitti a farkon Disamba. Yana da shekara 25. Ya hau jirgin ruwan yaƙi mai suna Numancia ya nufi Sifaniya.

Daga majalisa, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa zuwa wani siririn titi da ke gefen Babban Bankin Sifaniya. Yanzu Marqués de Cubas ake kiransa, a da kuwa Calle del Turco. Na bi shi daga farko har ƙarshe, ba abin da ke nuna tashin hankali, sai ma'aikata masu sauri da motoci a jere. A nan ne, daren 27 ga Disamba 1870, dusar ƙanƙara na zuba, aka tare keken dokin Prim yana komawa gidansa a fadar Buenavista, wadda ke tsallaken titin Alcalá. 'Yan bindiga suka buɗe masa wuta ta taga. Ya rasu ranar 30 ga Disamba, ranar da jirgin Amadeo ya iso tashar Cartagena. An yi ta zargin mutane, har da na kusa da Montpensier da na kusa da Serrano, amma shari'ar ta yi shekaru ta mutu ba a hukunta wanda ya kitsa ba.

Don haka da sabon sarki ya shigo Madrid ranar 2 ga Janairu 1871, majami'ar Atocha ya fara zuwa, inda aka shimfiɗe gawar Prim, sannan ya wuce majalisa ya yi rantsuwa. Ya zama kamar amaryar da aka kai ɗakinta ta tarar ana zaman makokin wanda ya haɗa auren. Na je Atocha. Majami'ar da ke wurin ta ƙone a 1936 aka sake ginawa, amma kusa da ita akwai makabartar manyan 'yan siyasa, shiga kyauta, kuma kusan ba kowa. An kwashe gawar Prim zuwa garinsu Reus a 1971. Waɗanda suka rage sun isa su nuna maka irin siyasar ƙasar: Cánovas da aka harbe a 1897, Canalejas a 1912, Dato a 1921, dukansu firaministoci ne da aka kashe suna kan mulki. Sagasta ma na nan, ɗaya daga cikin waɗanda suka wahalar da Amadeo, shi kam a kan gadonsa ya mutu.

Fadar sarki tana yammacin gari, a kan tudun da ke kallon kogin Manzanares. Ɗakunanta sun haura 3,000. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Juvarra ɗin nan da ya gina Superga shi aka kira Madrid a 1735 ya zana sabuwar fada bayan tsohuwar ta ƙone a 1734. Ya rasu a 1736, almajirinsa Sacchetti, ɗan Turin, ya gina ta. Ashe Amadeo gidan da mutanen garinsu suka tsara ya shigo. Tudun kansa kuwa asalinsa ganuwar Musulmi ce, wadda Sarki Muhammad I na Kurɗuba ta Andalus ya gina a ƙarni na 9, daga ita Madrid ta tsiro. Ragowar katangar na nan a wani ɗan lambu mai sunansa, a bayan babbar majami'ar Almudena. Masu yawon buɗe ido suna wuce ta ba su ko waiwaya ba.

A cikin wannan fada saurayin ya zauna, kowa na gaba da shi, kowa da dalilinsa. Malaman coci ba sa son ganinsa, domin wata biyu kafin a zaɓe shi, ranar 20 ga Satumba 1870, sojojin mahaifinsa suka ƙwace Roma daga hannun Paparoma Pius IX. A idon mai kishin Katolika, ɗan wanda ya yi wa Paparoma fashi ne aka ɗora musu. 'Yan Carlos, masu cewa wani reshe na gidan Bourbon ne ke da hakkin sarauta, suka ɗauki makami a arewa a watan Afrilu 1872. 'Yan jamhuriya ba sa son sarki ko daga ina ya fito. A Kyuba ana yaƙin neman 'yanci tun 1868, yana cin kuɗi da sojoji. Manyan gidajen Madrid kuwa zuciyarsu na wurin Alfonso, ɗan Isabel, da ke gudun hijira. Da sarauniya ta iso a watan Maris 1871, matan manya suka fito yawon la'asar a kekunan dokinsu sanye da mayafin leshi na gargajiya da furen alamar gidan Bourbon, don su nuna mata ita baƙuwa ce. Masu barkwanci suka laƙaba wa mijinta Macarronini, wato ɗan taliya. Shi ma bai taimaki kansa ba: Sifaniyancinsa bai nuna ba, ba mai yawan karatu ba ne, kuma neman matansa ya zama abin hira a gari, halin da ya gado wurin uba.

Amma waɗanda suka fi cutar da shi su ne mutum 191 ɗin nan da suka zaɓe shi. Prim ne igiyar da ta ɗaure su. Da ya mutu jam'iyyarsa ta rabe biyu, Sagasta da nasa, Ruiz Zorrilla da nasa, kowanne ya fi ƙin ɗan uwansa a kan maƙiyan sarki. Cikin shekara biyu aka kafa gwamnati shida, aka yi babban zaɓe uku, kuma duk wanda ya shirya zaɓe shi ke cinyewa. A watan Mayu 1872 Sagasta ya sauka bayan an gano an karkatar da riyal miliyan biyu daga asusun ma'aikatar yankunan mulkin mallaka, ana zargin a harkar zaɓe aka kashe su. Mai karatu zai ce wannan ai ba sabon labari ba ne, kuma ba zan yi masa musu ba.

Wata guda bayan haka aka yi abin da a ganina shi ne ya fi bayyana ko wane ne Amadeo. Serrano, wanda ya karɓi gwamnati, ya nemi sarki ya sa hannu a dakatar da 'yancin da tsarin mulki ya ba jama'a, saboda tawaye. Sarki ya ƙi, ya ce ya yi rantsuwa a kan wannan kundi. Serrano ya yi murabus, da shi kuma aka rasa goyon bayan manyan hafsoshi. Mutanen da suka rubuta dokar su ne suke roƙon a taka ta, baƙon da aka aro shi ne ya tsaya a kanta.

Titin Arenal shi ne ya haɗa dandalin Puerta del Sol da wajen fada. Yanzu na masu tafiya a ƙasa ne, cike da shagunan takalma da na kayan zaƙi da masu kiɗa a bakin hanya. A nan ne, daren 18 ga Yuli 1872, aka buɗe wa keken dokin sarki da sarauniya wuta suna dawowa daga lambun Retiro. Sun sha da ƙyar, ba wanda harsashi ya taɓa a cikinsu. Sifaniyawa har yau suna jingina masa wata magana, wai ya ce shi bai gane komai ba, ƙasar nan kejin mahaukata ce.

Daga fada na gangara ta Cuesta de San Vicente zuwa bakin kogi, kusa da tashar jirgin Príncipe Pío, don in ga inda amsar tambayata ta Superga take. Manzanares ƙaramin kogi ne, yanzu an yi masa lambuna da hanyoyin keke. A wancan zamani bakinsa cike yake da mata dubbai masu wanke kayan mutanen birni, durƙushe cikin ruwan sanyi tun asuba, 'ya'yansu na yawo a gefe ba mai kula. Daga tagogin fada ana hango su. Maria Vittoria ta sa aka gina gidan renon 'ya'yansu a nan San Vicente, aka buɗe a 1872, inda uwa za ta ajiye ɗanta da safe ta ɗauka da yamma, a ciyar da shi a koya masa karatu. Ana lissafa shi a matsayin gidan reno na farko a Sifaniya. Ginin ya rushe a yaƙin basasar ƙasar, yanzu sai shataletale da motoci da wata ƙofar dutse da aka sake ginawa. Na tambayi wata dattijuwa da ke jiran bas ko ta san labarin, ta ce kakarta ta sha ba ta labarin masu wankin kogi, amma sarauniyar ba ta taɓa jin sunanta ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ɗan Afirka ya sani game da wannan gajeren mulki. A ƙarshen 1872 gwamnatin Ruiz Zorrilla ta kai wa majalisa ƙudirin 'yanta bayi a tsibirin Puerto Rico, sarki na goyon baya. Masu gonakin rake na Kyuba da 'yan kasuwar da ke cin moriyar bauta suka haɗa ƙungiya suka yi ca a kan gwamnati da sarki, don sun san in aka fara da Puerto Rico, Kyuba ce ta gaba. Dokar ta wuce ranar 22 ga Maris 1873, bayan tafiyar Amadeo da makonni. A Kyuba sai 1886 aka daina bauta.

Abin da ya ƙarasa shi rikicin hafsoshin igwa ne. Gwamnati ta ba Janar Hidalgo wani babban muƙami, hafsoshin rundunar manyan bindigogi kuwa suna zarginsa da hannu a boren barikin San Gil na 1866, inda aka kashe 'yan uwansu. Suka ajiye aiki gaba ɗaya. Gwamnati ta ce to a rushe rundunar a sake ta, majalisa ta mara mata baya, aka kawo wa sarki takarda. In ya sa hannu ya ɓata da soja, in ya ƙi ya take majalisa. Ya sa hannu, sannan ya ce shi ma ya sauka.

Ranar 11 ga Fabrairu 1873 aka karanta saƙon murabus ɗinsa a majalisa. Abin da ya ce a ciki shi ne, da a ce maƙiyan Sifaniya baƙi ne, da shi ne zai fara shiga gaban sojoji ya yaƙe su, amma duk masu ƙara wa ƙasar ciwo da takobi da alƙalami da baki 'ya'yanta ne, kowa kuma yana cewa don ƙasa yake yi. Ya ce ya nemi magani a cikin doka bai samu ba, wanda kuwa ya yi alkawarin kiyaye doka ba zai neme shi a wajenta ba. Akwai masu cewa rauni ne da gajiya, ya ga wuya ya gudu. Ni ban ga haka ba. Yana da shekara 27, ga hafsoshi a fusace da gwamnati, da ya so ya jingina da su ya rufe majalisa da ya samu masu tsaya masa, ko da na ɗan lokaci ne. A ƙarnin da janar-janar ɗin Sifaniya suka mayar da juyin mulki abin yau da kullum, shi ya zaɓi ya kwashe kayansa.

A daren nan majalisa ta ayyana jamhuriya da ƙuri'a 258, masu adawa 32. Emilio Castelar, gwanin magana na 'yan jamhuriya, ya ce ba wanda ya kashe sarautar, ita ta mutu don kanta. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Jamhuriyar ta yi shugabanni huɗu cikin wata 11, garuruwa suka yi ta ɓallewa, har Cartagena inda Amadeo ya fara sauka. A ƙarshen Disamba 1874 wani janar ya yi bore a Sagunto aka dawo da Alfonso XII, ɗan Isabel. Rantsuwar Prim ta sau uku ba ta kai shekara shida ba. Gidan Bourbon ne ke sarautar Sifaniya har yau.

Washegarin murabus, da sassafe, iyalin suka shiga jirgin ƙasa zuwa Lisbon, inda ƙanwarsa Maria Pia ke sarauniya, daga can suka koma Turin. Maria Vittoria jego take yi, don ta haihu a fadar Madrid ranar 29 ga Janairu, mako biyu kafin nan. Ba ta ƙara samun lafiya sosai ba. Shi kuwa ya koma aikin soja, a 1888 ya auri 'yar yayarsa, Maria Letizia Bonaparte, da izinin Paparoma na musamman, abin da ya jawo surutu a Italiya. Sunansa ya rage a wurare masu nisa da bai taɓa gani ba: wani tafkin gishiri a tsakiyar Ostireliya, da garin Amadeo a lardin Cavite na Filifin, wanda ya yi suna da noman kofi.

Jaririn nan da aka fita da shi daga Madrid cikin zanen goyo shi ne Luigi Amedeo, mai sarautar Abruzzi, wanda ya zama shahararren mai hawan duwatsu. A 1906 ya hau ƙololuwar duwatsun Ruwenzori a kan iyakar Uganda da Kwango, a 1909 ya gwada hawan dutsen K2 a Asiya. Daga baya ya kafa gonakin mulkin mallaka a bakin kogin Shabelle a Somaliya, a garin da yanzu ake kira Jowhar, can ya mutu a 1933. Jikokin Amadeo biyu ta wajen babban ɗansa su ma sarautar ƙasar wasu aka miƙa musu, amma ta hannun Mussolini. Babban, mai sunan kakansa, ya zama wakilin sarkin Italiya a Habasha a 1937 bayan mamayar ƙasar. Sojojin Najeriya, cikinsu har da 'yan Arewa da yawa, suna cikin rundunar Ingila da ta karɓe Mogadishu a Fabrairu 1941 ta kutsa Habasha. Ya miƙa wuya a dutsen Amba Alagi a watan Mayu, ya mutu fursunan yaƙi a Nairobi a 1942.

A wannan watan na Mayu 1941 ne aka naɗa ƙanensa Aimone sarkin Kuroshiya, da sunan Tomislav II, bisa yarjejeniyar Mussolini da gwamnatin Ante Pavelić mai kisan kiyashi. Babu majalisar da ta zaɓe shi, babu kundin da ya rantse a kai. Bai taɓa taka ƙasar a matsayin sarki ba, ya yi zamansa a Italiya har ya ajiye sarautar a 1943 bayan faɗuwar Mussolini. Da 'yan Italiya suka soke sarauta a ƙuri'ar raba gardama ta Yuni 1946, ya bar ƙasar, ya mutu a Buenos Aires a watan Janairu 1948.